Yaro ɗaya, kati biyar: nazarin lamarin wani yaro da bai zauna a kan lokaci ba

Ni ma'aikaciyar lafiya ce a wani ƙaramin asibitin unguwa ta wajen titin Katsina, a cikin Kano. Ranar wata Talata, ranar rigakafi, benci ya cika har wasu matan sun zauna a baranda, na lura da wata mata a can gefe da ba ta shiga layi ba. Sai da kowa ya watse sannan ta matso, ta kwance goyonta ta ɗora a cinya, ta miƙo min wata baƙar leda.

"Malama, don Allah duba min waɗannan ki gaya min wanne zan bi. Ni dai kaina ya ɗaure."

Takardu biyar ne a ciki: katin rigakafinmu, katin asibitin da aka kwantar da yaron yana jariri, katin sashen gashin ƙashi, katin likitan yara, sai wata takardar turawa wurin likitan kunne wadda ta yi wata huɗu a ninke, har ta fara yagewa. Yaron watansa 20. Bai zauna ba, wuyansa bai gama tsayawa ba. In ya so kama wani abu sai hannun ya murɗe ya tafi wani wuri, yatsun su baje. Amma idonsa tar yake a kaina, kuma da na yi masa murmushi ya mayar min.

Iyayen sun yarda in rubuta wannan, da sharaɗin kada in ambaci suna ko unguwa.

Yadda abin ya faro

A gida aka haife shi, a hannun ungozoma, haihuwa lafiya lau. Kwana uku sai aka ga idonsa ya yi ruwan ɗorawa. Shawara ce, kowa a gidan ya san ta, kuma kowa yana da maganinta. Aka riƙa shanya shi a hantsi, ana ɗiga masa ruwan gulukos. Kayan da aka sa masa kuwa na yayyensa ne, an fito da su daga akwatin da aka zuba wa kafur don kyankyaso. A kwana na biyar ya ƙi kama nono, yana wani siririn kuka mai tsini, yana banƙarewa. Gida ya cika da hidimar suna, aka ce a bari a ga gobe. A kwana na shida aka kai shi babban asibiti, aka sa shi a ƙarƙashin shuɗiyar fitila, aka yi masa canjin jini. Ya rayu, aka sallame su, aka yi suna a makare ana ta barka.

Abin da ba a zaunar da uwar an fahimtar da ita ba shi ne, ruwan ɗorawar nan wani sinadari ne da ke fitowa idan jajayen ƙwayoyin jini suka farfashe. Kaɗan daga cikinsa ba ya komai, jarirai da yawa suna yi su warke. Amma idan ya yi yawa a kwanakin farko yana shiga ƙwaƙwalwa, ya taɓa wurin da ke sarrafa motsin jiki da kuma jijiyar ji. Canjin jini yana tsayar da ɓarnar, ba ya gyara wadda ta riga ta faru. Shi ya sa irin wannan yaro yake buƙatar a sa masa ido tun daga ranar sallama. Sau da yawa kuma hankalinsa lafiya ƙalau, jikin ne ba ya yi masa biyayya.

A nan dole in faɗi namu laifin. An kawo mana shi rigakafi yana da sati 6, da sati 10, da sati 14, da wata 9. Sau huɗu muka ɗora shi a sikeli, muka yi masa allura, muka cike kati. Babu wadda ta ce, "Ya fara zama?" Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2006, wanda aka yi a ƙasashe biyar har da Gana, ya nuna kusan duk yaro mai lafiya yana zama da kansa tsakanin wata 4 zuwa wata 9, yana tafiya tsakanin wata 8 zuwa wata 18. Ranar allurar ƙyanda, a wata 9, yaron nan yana kwance lagwaf a hannun uwarsa a gabanmu. Na san ranar rigakafi da cunkoso, na san mu biyu ne a kan mata sun fi hamsin. Duk da haka tambayar ba ta cin minti ɗaya, kuma rashin yin ta ya ci wa yaron watanni.

A gida kuwa kowa da fassararsa. Kakarsa ta wajen uba ta ce nauyin jiki ne, ubansa ma bai yi tafiya da wuri ba. Wata facala ta raɗa wa wata cewa ɗan ruwa ne, maganar ta zagayo ta dawo kunnen uwar, ta kwana tana kuka. Aka yi rubutu, aka yi tofi, aka yi hayaƙi.

Ga masu aiki, babu mai haɗa su

Kano ba ta rasa masana ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano a titin Zariya, da Asibitin Murtala a cikin gari, da asibitin yara na Hasiya Bayero, da Asibitin Ƙashi na Dala. Jami'ar Bayero tana yaye masu gashin ƙashi da malaman da suka karanci ilimin masu buƙata ta musamman. Garuruwa da yawa a Arewa nan suke turo marasa lafiyarsu.

Uwar ta je wurare uku kafin ta zo gare ni, kuma kowane ya faɗa mata gaskiya ta ɓangarensa. Mai gashi ya ce ta riƙa zuwa sau biyu a sati. Likitan yara ya ce ta dawo bayan wata uku. An rubuta mata takardar kunne, ba a gaya mata dalili ba, ita kuma tana ganin yaron yana firgita in an buga ƙofa, sai ta ajiye. Kowane wuri da katinsa, da ranarsa, da layinsa. Babu wanda ya ga abin da ɗan'uwansa ya rubuta. Wadda ke ɗauke da labarin daga wannan ofis zuwa wancan ita ce matar da ta tsaya a aji uku na ƙaramar sakandare, kuma duk takardun da Turanci suke.

A lissafa kuma abin da zuwa ɗaya yake ci. Adaidaita sahu biyu zuwa, biyu dawowa, da yaron da ba ya riƙe jikinsa. Sai ta nemi izini da kuɗin mota wurin maigida, wanda yaron shago ne a Kantin Kwari, in bai fita ba ba a cefane. Sai ta samo wadda za ta bar wa sauran yara uku. Ta yi sati shida tana zuwa gashi, ba ta ga ya tashi ba, ta bari. Na tabbata a fayil an rubuta cewa ta daina zuwa, shi ke nan. Ba a rubuta cewa babu wanda ya gaya mata aikin na shekaru ne ba.

Ziyarar gida

Ban ba ta amsa a ranar ba. Na ce zan zo gida ranar Asabar, kuma ina so in tarar da maigidan da Hajiya, wato kakar yaron.

Na isa da hantsi na tarar ana ba shi kunu. A nan na ga abin da babu shi a kati ko ɗaya. Ta kwantar da shi rigingine a cinya, kansa ya ɗan lanƙwasa baya, tana tsiyaya masa tsinkakken kunu da bakin kofi. Ya haɗiya biyu, na uku ya ƙware, ya yi ta tari har idonsa ya kawo ruwa, rabi ya zubo a wuyan riga. Ta goge, ta jira, ta sake. Ta ce kofi ɗaya yakan ci musu kusan awa guda. Na zagaya masa tef ɗin awon damtse, ya faɗa a rawaya, wato tsakanin santimita 11.5 da 12.5. Bai kai tamowa mai tsanani ba, amma yana bakin ƙofarta. Sau biyu kuma an yi masa maganin ciwon haƙarƙari a shekarar, kuma kunun da ke bi ta maƙogwaron iska yana iya jawo hakan.

Na sa yayarsa ta buga murfin tukunya ta bayansa. Wani lokaci ya juya, wani lokaci ko gezau. Da ta kira shi a hankali daga baya bai motsa ba, da ta zagayo gabansa sai ya washe baki.

Daga nan na zauna da su ɗaya bayan ɗaya, domin mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Na tambayi kowa abu ɗaya: me kake so ka gani nan da wata shida?

Maigidan, a soro, bai ɗago kai ba ya ce, "Malama, ya taka kawai. In ya taka, sauran mai sauƙi ne."

Uwar ta ce, "Ni dai ya ci abinci bai ƙware ba. In samu in runtsa."

Hajiya kuwa ta daɗe tana jan carbi kafin ta ce, "'Yar nan, ni yawon ne ba na so. Kullum a saɓe shi a bi titi, kowa na leƙe yana sannu. Abin da Allah Ya yi, wa zai canza?"

Na ce, "Gaskiya ne Hajiya, Allah ne Ya yi. Addu'arku kuma ita muke nema, kada a fasa. Hayaƙin ne kawai nake roƙo a ɗaga masa, ƙirjinsa ba ya ɗauka. Yawon kuma ni ma so nake a rage shi, amma sai kin taimaka min." Ta kalle ni ta ce, "To, in dai ragewa ne." Da na shigo gidan da faɗa a kan rubutu da tofi, da ranar aka rufe min ƙofa, kuma da an yi daidai. Matar nan jikanta take so ta rufa wa asiri, ta hanyar da ta sani.

Littafin makaranta mai shafi sittin

Abin da muka yi ba shi da tsada. Na sayi littafin rubutu irin na 'yan firamare. A shafin farko na rubuta tarihin yaron da Hausa, a na biyu da Turanci. Na ce wa uwar duk inda ta je ta miƙa shi, ta roƙi a rubuta layi uku: me aka gani, me za a yi a gida, yaushe za a dawo. Ni kuma duk Asabar ta biyu in zo in karanta mata, mu ga abin da ya yiwu da wanda bai yiwu ba. Zuwan farko na raka ta da kaina. Wani ya ture littafin ya ce layi ya yi tsawo. Mai gashin kuwa, wani matashi, ya karanta shafi biyun tsaf, ya ce tunda yake ganin yaron bai san yana ƙwarewa ba, ya rubuta lambar wayarsa a bango.

Sai da na yi sati uku ina kai-kawo kafin aka haɗa ranar likitan yara da ta gashi suka zama rana ɗaya. Mai gashin ya yarda a mayar da zuwa sau ɗaya a sati biyu, a kan cewa za a riƙa yin aikin a gida kullum, maigidan ya ɗauki bidiyo da wayarsa ya tura masa ta WhatsApp ya gyara. Zuwa takwas a wata ya koma biyu. Hajiya ta ga alkawari ya cika, ta karɓi riƙon sauran yaran a ranar asibiti.

Muhimmin abu shi ne tsara abin da za a fara. Muka sa ci a gaba, sai ji, sai zama. Tafiya muka sa a ƙarshe, kuma na faɗa wa maigidan haka ba tare da kwana-kwana ba: yaron da bai ƙoshi ba ba shi da ƙarfin gashi, wanda kuma ba a san yadda yake ji ba ba a san ta inda za a koya masa ba.

A wajen ci, aka daina kwantar da shi. Aka zaunar da shi a cikin baho, an tokare shi da matasai ta ko'ina, haɓarsa ta ɗan sunkuyo. Kunun aka yi masa kauri, ana ba shi da ƙaramin cokali, ana jira ya haɗiye kafin a ƙara. Aka riƙa haɗa garin da gyaɗa da waken soya, wani lokaci ƙwai ko ɗan manja, kaɗan-kaɗan sau biyar a yini. Cikin sati uku tarin ya ragu sosai. Bayan wata biyu tef ɗin awon damtse ya shiga kore, wato ya fita daga haɗarin tamowa. Daga baya mai gashin ya zana wata kujera mai kusurwa a littafin, da awonta, kafintan bakin layi ya haɗa ta da guntayen katako, ya sa mata ɗan teburi a gaba. Ranar da aka fara zaunar da shi a ciki a tsakar gida, ya ga kaji da yara a miƙe maimakon rufin ɗaki, ya yi ta ƙyalƙyala dariya har Hajiya ta fito ta tsaya a bakin ƙofa.

Maganar kunne ta fi ba mu wuya. Gwajin farko, wanda ake sa ɗan abu a cikin kunne, ya nuna lafiya. Maigidan ya yi hamdala ya ce an gama. Likitan yaran ne, da ya gani a littafin, ya ja layi ya rubuta cewa wannan bai isa ba. A yaran da shawara ta taɓa, cikin kunnen yakan zama lafiya, jijiyar da ke kai sauti ƙwaƙwalwa ce take da matsala, kuma sai gwaji na biyu, wanda ake manna wayoyi a kai yaro yana barci, yake gano ta. Ba don littafin ba, da takardar farko ta shiga leda an rufe zancen. Mun jira fiye da wata biyu kafin aka samu yi. Sakamakon ya nuna sauti yana isa, amma a hargitse, kamar rediyon da bai kama tasha sosai ba. Aka ce a riƙa yi masa magana fuska da fuska, a kashe rediyo da talabijin, a haɗa magana da nuni.

Masu koyar da magana ba su da yawa a ƙasar nan, ba mu samu wanda za a riƙa zuwa wurinsa ba. Wata malama a unguwar, wadda ta karanci ilimin masu buƙata ta musamman, ita ta karɓi wannan, tana zuwa duk Alhamis da yamma. Ta manna hotuna a kwali: kofi, fo, tabarma, ƙofar waje, uwarsa. Yana kallon wanda yake so, ko ya kai masa hannu. Yayarsa mai shekara tara ta fi kowa iyawa da shi, har sai da na ja kunnen uwar kada a mayar da ita 'yar raino a hana ta makaranta.

Inda abin ya kusa wargajewa

Da damina ta sauka ya kamu da zazzaɓin cizon sauro haɗe da ciwon ƙirji, aka kwantar da shi kwana takwas. Ya rame, zaman da ya fara ya koma baya. Kuɗin adashen da uwar ta tara don mota ya tafi a magani. A daidai lokacin aka tura ni aikin rigakafi na gida-gida a wata mazaɓa, na yi sati uku ban leƙa su ba. Da na dawo na tarar ranar asibiti biyu ta wuce, littafin yana ƙarƙashin katifa, facalar nan kuma ta samu bakin magana.

Wannan ya nuna min raunin abin da muka gina. Duk ya rataya a wuyan mutum ɗaya, kuma aikin ba ya cikin abin da aka ɗauke ni in yi. Ranar hutuna nake zuwa, da katin wayata nake kira. Na roƙi abokiyar aikina ta san gidan, muka rubuta lambarta a bangon littafin, muka kuma fara yi wa duk uwar da ta zo allurar wata 9 tambaya uku: ya yi shawara yana jariri, yana zama, yana juyowa in an kira shi? A wata na farko kaɗai muka tura yara biyu gaba.

Abin da ke ci min rai shi ne mun taɓa yin wanda ya fi wannan wuya. A yaƙin shan inna, an kafa a Kano mata masu bin gida-gida, waɗanda suka san kowace mai ciki da kowane suna a layinsu, da masu unguwanni da ke tsaya musu, har aka kai ga ayyana Afirka ta rabu da asalin ƙwayar cutar, wadda ake kira ta daji, a watan Agustan 2020. Matan nan suna shiga ɗakin mai jego a satin farko, daidai lokacin da shawara ke ɓarna. Da za a koya musu duba idon jariri a hasken rana, a kuma ba kowane asibitin unguwa mutum ɗaya da aka san aikinsa ne bin irin waɗannan yara, da ba a jira sai wata 20 ba.

Halin da ake ciki

Yanzu shekararsa uku da wata biyu. Yana zama a ƙasa na ɗan lokaci in ya dafa da hannu. Yana riƙe cokali mai kaurin mariƙi, wanda aka naɗe da tsumma. Yana da kalma huɗu da mutanen gida ke ganewa, da nuni sun fi goma. Bai taka ba. Mai gashin ya zaunar da maigidan ya gaya masa cewa mai yiwuwa sai da abin dafawa ko keke, ya kuma rubuta takarda zuwa Dala don a duba ƙafafun. Maigidan ya yi kwanaki ba ya son zancen. Bayan nan uwar ta ce min ranar Juma'a da kansa ya saɓa shi a kafaɗa ya kai shi aski bakin titi, karo na farko.

An kuma yi masa gwajin jini aka gano yana da ƙarancin G6PD, wani sinadari da ke kare ƙwayoyin jini, abin da ake gado ta wajen uwa kuma ya fi bayyana a maza. Masu shi kafur da lalle da wasu magunguna suna farfasa musu jini. An rubuta wannan da jan biro a shafin farko. Uwar tana da ciki wata shida, tana zuwa awo, an kwashe kafur daga gidan, kuma Hajiya da bakinta ta ce wannan karon a asibiti za a haihu.

Abin da ke gabanmu shi ne makaranta. Dokar hana wariya ga masu buƙata ta musamman ta 2018, wadda Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, ta ba su haƙƙin karatu kyauta har sakandare. Makarantar Tudun Maliki an fi sanin ta da kurame da makafi, kuma daga gidansu tafiya ce mai nisa ga yaron da sai an ɗauka. Malamin Islamiyyar layinsu ya yarda a riƙa kawo shi awa ɗaya da safe, ya zauna a gaba inda zai ga bakin malam. Ƙofar ajin tana da matakala uku, kujerar kuma ba ta shiga sai an karkata ta. Ranar Litinin ni da maigidan da kafinta za mu je mu auna.